Mofin, Kodin da Tiramol: Sun Cika Titi, Sun Yi Wuya a Gadon Asibiti

Shekarar da ciwon dajin mama ya ci ƙarfin gwaggona har ya kai ga ƙashin bayanta, na ga abin da ban taɓa zato ba. Mace mai kawaici, wadda ta haifi 'ya'ya tara ba a taɓa jin ƙararta ba, ita ce take cizon gefen zane tana kiran sunan mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa. Likita ya ja mu gefe, ni da Baffa yayanta, ya ce, "Alhaji, lokaci ya yi da za a sa mata mofin." Baffa ya yi shiru, can ya ɗago ya ce, "Likita, ba irin abin nan ba ne da yara ke sha suna lalacewa? Kada mu taru mu mayar da baiwar Allah 'yar ƙwaya a ƙarshen rayuwarta." An daɗe ana lallashi kafin ya amince. Da ya amince kuma sai aka nemi maganin aka rasa. Babu a kantin asibitin, babu a manyan kantuna uku da na zaga cikin gari.

Da yamma na zauna a teburin mai shayin da ke bakin ƙofar asibitin. A ƙarƙashin benci akwai fankon katin tiramol har huɗu, an rubuta 225 ɓaro-ɓaro a jikin kowanne. Wanda ya sha su bai nuna wa kowa takardar likita ba.

Baffa bai yi kuskure ba da ya ce dangi ɗaya ne. Mofin, kodin, tiramol, fentazosin da ake kira penta, fetidin, fentanil har da hiroyin, duk sunansu ɗaya a wajen likitoci: ofiyod, wato dangin ofiyam. Ofiyam ƙaro ne da ke fitowa idan an tsaga kan wani fure da ake nomawa a Indiya da Afganistan da ƙasar Bama (Myanmar), mutane sun san shi tun dubban shekaru. Wajen 1804 wani matashi mai koyon haɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, ya ware sinadarin da ke ɗauke da ƙarfin ƙaron, shi ne mofin. Kodin ya biyo baya a Faransa a 1832. A 1898 kamfanin Bayer ya fara sayar da hiroyin a matsayin maganin tari. Sauran kuwa a ɗakin gwaji aka ƙera su ba tare da furen ba: fentanil a Beljiyam wajen 1960 a hannun Paul Janssen, tiramol a kamfanin Grünenthal na Jamus a 1962, ya shiga kasuwa a 1977.

An shafe fiye da shekara ɗari da hamsin ana ba mutane mofin ba a san takamaimai inda yake sauka a jiki ba. Sai a 1973 Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa a jikin ƙwayoyin jijiya akwai wasu gurabe da mofin ke shiga daidai wa daida, kamar ɗan makulli da kwaɗonsa. Tambaya ta taso nan take: me gurbin ƙaron wani fure yake yi a ƙwaƙwalwar ɗan Adam? Amsa ta zo a 1975 daga Aberdeen ta Sukotland, inda John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano cewa jiki da kansa yana haɗa nasa sinadarin mai shiga wannan gurbi. Wannan dangin su ne ake kira endofin, ma'ana mofin na cikin jiki. Suna daga cikin dalilin da ya sa mutum zai fito daga haɗarin mota yana jawo wasu daga cikin ƙarfe, sai bayan an natsu ya lura ashe hannunsa a karye yake. Allah ya halicce mu da namu maganin. Bambancinsu shi ne na jiki kaɗan yake fita, a inda ake buƙata, ya lalace nan da nan, na kwalba kuwa yana malale duk gurabun jiki lokaci guda, ya zauna awanni.

Gurabun iri uku ne manya, amma wanda ake kira miyu shi ne uban tafiya, ta kansa sauƙi ke zuwa, ta kansa kuma mutuwa ke zuwa. Idan ka taka ƙaya, saƙo yana tasowa daga tafin ƙafa ya bi jijiya zuwa lakar gadon baya. A nan akwai zango. Jijiyar farko tana tsayawa, ta fesa wani sinadari, jijiya ta biyu ta karɓa ta haura da saƙon zuwa ƙwaƙwalwa. Mofin yana zama a wannan zangon ya yi aiki biyu: ya hana ta farko fesa saƙon da yawa, ya kuma sa ta biyu nauyin ji. A can sama kuma yana ƙarfafa wata hanya da ƙwaƙwalwa ke bi ta aiko da umarni ƙasa cewa a rage abin da ake turowa. Sai aiki na ƙarshe, wanda a ganina shi ya fi komai bayyana halin maganin nan. Zafi yana da fuska biyu, akwai jin sa, akwai kuma tsoro da ƙuncin da ke rakiyarsa. Mofin yana kwantar da sashen da ke haifar da ƙuncin. Shi ya sa za ka tambayi majinyaci ya jiki, ya ce maka ciwon yana nan, amma ya daina damunsa.

Duk wanda ya ji wannan ya san inda jaraba za ta shigo. Abin da ke raba mutum da ƙuncin ciwon ƙashi zai iya raba shi da ƙuncin bashi, na rashin aiki, na zaman gidan da ba daɗi, na wasu awanni. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyin da ke sakin dofamin, sinadarin da ke ce wa mutum wannan abu ya yi, a sake. Akwai wasu jijiyoyin da ke riƙe da linzaminsu. Ofiyod yana kwantar da masu riƙe da linzamin, dofamin ya kwarara, ƙwaƙwalwa ta rubuta darasin da zai yi wuyar gogewa.

Gurabun nan suna nan a hanji, shi ya sa mai shan mofin ko kodin ke fama da taurin bayan gida, shi ya sa kuma lofaramid da ake sha don gudawa ɗan wannan gida ne, sai dai shi ba ya haurawa ƙwaƙwalwa sosai. Suna nan a cibiyar tari, da wurin da ke tayar da amai, da jijiyar da ke tsuke baƙin ido. Inda ya fi haɗari shi ne gindin ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, inda ake sarrafa numfashi.

Yaro in ya nutse a kogi yana gasar riƙe numfashi, abin da ke tilasta masa ɗagowa shi ne gurɓatacciyar iskar da ke taruwa a jininsa. Gindin ƙwaƙwalwa yana auna ta dare da rana, da ta yi yawa sai ya ba ƙirji umarni ya ja iska, ko mutum yana barci. Ofiyod in ya yi yawa yana dakushe wannan ma'auni. Iskar tana taruwa, babu mai tsawatarwa. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Wanda maganin ya fi ƙarfinsa sai ya koma takwas, shida, huɗu, da dogon shiru a tsakani. Ba ya kokawa, ba ya neman iska, ba ya ihu. Yakan yi wani gurnani mai kama da minshari, kuma wannan minsharin ya yaudari mutane da yawa. Abokai su ce ya bugu ne, a bar shi ya yi barci, da asuba a zo tashinsa a tarar da gawa. Alamomi uku ne in suka haɗu babu jira: ba ya farkawa ko an jijjiga shi, numfashi ya ja baya, baƙin idonsa ya tsuke kamar bakin allura. Leɓe da farce sukan yi duhu. A irin wannan hali ɗura masa madara ko manja ba ya ƙara komai sai shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a buɗe masa hanyar iska, in numfashi ya tsaya a hura masa, a garzaya asibiti. Akwai makari, sunansa nalokson, an amince da shi a Amurka tun 1971. Yana ture ofiyod daga gurbi ya zauna a wurin ba tare da ya kunna komai ba, cikin mintoci kaɗan mutum ya dawo. Sai dai ƙarfinsa yakan ƙare cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, don haka wanda ya farka ya ce zai tafi gida zai iya sake suma a hanya. Haɗarin yana ninkuwa idan an haɗa da giya, ko diyazafam, ko roci, domin kowannensu yana danne numfashi ta tasa hanyar.

To, me ya sa likitoci ba su watsar da shi ba? Domin har yau babu abin da ke tsayawa a madadinsa idan zafi ya kai maƙura. Bayan babbar tiyata, karayar cinya, ƙunar wuta, ciwon daji da ya shiga ƙashi, tashin ciwon sikila mai tsanani, duk nan wurinsa ne. Fentanil, wanda ƙarfinsa ya ninka na mofin sau 50 zuwa 100, kullum yana hannun masu sa barcin tiyata. Ana ba mai naƙuda fetidin a wurare da dama. Mofin kaɗan yana sassauta wa wanda ke gargara jin shaƙewa. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1977, kuma a 1986 hukumar ta fitar da tsani mai hawa uku don zafin ciwon daji: a fara da irin su farasitamol, in bai yi ba a hau kan masu matsakaicin ƙarfi kamar kodin, in bai yi ba a hau kan mofin, a kuma ba da shi ta baki, a kan lokaci, ba sai majinyaci ya fara kuka ba. A hannun wanda ya san aiki, ana farawa da kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali, kuma zafin da kansa yana zaburar da numfashi, shi ya sa tsayawar numfashi ba ta cika faruwa ga irin gwaggona ba.

Inda bai cika amfani ba shi ne ciwon yau da gobe, irin ciwon baya da na gwiwa da ake shekaru da shi. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2018 ya bi masu irin wannan ciwo tsawon shekara guda, waɗanda aka ba ofiyod ba su fi waɗanda aka ba magungunan da ba dangin ofiyam ba samun sauƙi. Ciwon jikin lebura bayan ɗaukar bulo ma ba wurinsa ba ne.

Kodin da tiramol suna buƙatar magana ta musamman, domin su ne namu, kuma sunan "masu sauƙi" da ake ba su ya cuci jama'a. Kodin da kansa ba ya wani aikin kirki sai hanta ta juya wani kaso nasa zuwa mofin. Hantar mutane kuwa ba ɗaya ba ce, gado ne. Wani tasa ba ta iya juyawa, ya sha bai ji komai ba. Wani tasa tana juyawa da gaggawa, cokalin da bai yi wa maƙwabcinsa komai ba shi ya kwantar da shi. A Habasha an samu masu irin wannan hanta mai gaggawa sun kusa kashi 3 cikin 10. Babu yadda za ka gane su da ido. Saboda yaran da suka mutu ta wannan hanya ne hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka hana ba wa yaro ɗan ƙasa da shekara 12 kodin, suka kuma gargaɗi masu shayarwa. Tiramol kuma hannu biyu gare shi. Ɗaya yana shiga gurbin miyu, ɗayan yana ƙara wasu sinadaran ƙwaƙwalwa biyu kamar yadda wasu magungunan ciwon damuwa ke yi. Hannu na biyun ne ke ba mai tura baro da ɗan acaɓa jin ƙarfi da rashin gajiya, shi ne kuma ke kayar da matashi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, a ce iska ce ta buge shi. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma iyakar babba a yini 400. Ƙwaya biyu na mai 225 sun riga sun tsallake iyaka. Masu shan sa don daɗewa a shimfiɗa kuma ya kamata su sani cewa doguwar mu'amala da ofiyod tana rage sinadarin mazakuta a jiki.

Akwai abubuwa uku da muke cakuɗawa, kuma cakuɗa su ne ya sa Baffa jin tsoro. Na farko jiki ya saba, abin da ya yi aiki jiya ya kasa yau, sai an ƙara. Na biyu jiki ya dogara, ta yadda in aka yanke farat ɗaya sai ya yi bore. Wannan yana samun kusan duk wanda ya sha na makonni, ko waliyyi ne. Dalili kuwa, maganin ya daɗe yana danne cibiyar da ke zaburar da jiki, ita kuma ta ƙara ƙaimi don ta rama, da aka ɗauke abin da ke danne ta sai ta yi tsalle: hamma, hawaye, majina, zufa, tsigar jiki na tashi, murɗar ciki, gudawa, ciwon ƙashi, rashin barci. Yakan fara cikin yini guda, ya ɗauki kwana 4 zuwa 10. Maganinsa a rage a hankali. Na uku ita ce jaraba, inda mutum ke neman abin ido rufe, ya sayar da wayarsa, ya saci kuɗin cefanen uwarsa, yana ganin ɓarnar amma ya kasa tsayawa. Mai ciwon daji da ke shan mofin a kan ƙa'ida zai iya samun biyun farko ba tare da na ukun ba.

Sabawar jikin nan tana da wani tarko da iyaye ba su sani ba. Tana gushewa da sauri. Yaron da aka kulle wata biyu a gidan gyaran hali ko gidan yari ya fito jikinsa ya koma ɗanye, amma hannunsa bai manta adadin da ya saba ba. Makonnin farko bayan fitowa su ne mafi haɗarin mutuwa a rayuwarsa. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019. Sarƙa tana hana hannu kai wa baki na ɗan lokaci, ba ta taɓa gurabun da suka sauya a ƙwaƙwalwa. Abin da bincike ya tabbatar yana rage mutuwa da kusan rabi shi ne metadon ko bufrenofin, 'yan gidan ofiyod masu aiki a hankali, waɗanda ke tsayar da boren jiki ba tare da buguwa ba, mutum ya koma sana'arsa ana bibiyarsa. Waɗannan har yanzu ba su wadatu a ƙasashenmu ba.

Amurka ta nuna abin da ke faruwa in aka saki maganin ba linzami. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da wani ofiyod mai suna OxyContin yana gaya wa likitoci cewa haɗarin jarabarsa kaɗan ne. A 2007 ya amsa laifin yaudara, aka ci shi tarar fiye da dala miliyan 600. Da aka tsuke rubuta maganin, waɗanda suka riga suka kamu suka koma hiroyin, daga nan fentanil na bayan fage. A 2021 kaɗai mutum fiye da 80,000 ofiyod ya kashe a can.

Namu ya zo ta wata ƙofar. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya, wanda ya fito a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 sun sha magungunan ofiyod ba bisa umarnin likita ba cikin shekara guda, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC, gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A shekarar ce Indiya ta tsaurara dokar tiramol. Kasuwa ba ta mutu ba, ta sauya kaya. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo kamfani a Mumbai ta Indiya da ke turo haɗin tafentadol, wani ɗan gidan ofiyod, da karisofrodol, maganin sassauta tsoka, zuwa Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa, haɗin da babu inda aka amince da shi a duniya. Labarin da ya fi tsaya mini a rai daga arewacin Kamaru yake. A 2013 wasu masana suka sanar cewa sun samu tiramol a saiwar tafashiya, suka ɗauka itacen ne ke haɗa shi. Shekara guda bayan haka wasu masanan daga Jamus suka nuna cewa manoma ne ke sha suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki, fitsari da kashin dabbobin suka jiƙa ƙasa, saiwa ta tsotsa.

A ƙasashen da tiramol ya kai ga shiga saiwar itace, a nan ne mai ciwon daji ke mutuwa yana ihu. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa, alhali mofin ba magani ne mai tsada ba. Tsoro ne, da takardu, da rashin horo. Rashin nan da kansa yana haifar da wata ɓarnar. Yaro mai sikila da ya zo asibiti cikin dare yana birgima, aka kalle shi da zargi, aka sallame shi da farasitamol, gobe wajen mai kyamis zai nufa a yi masa penta, jibi ya koyi yi wa kansa. Likitocin Najeriya sun rubuta rahotanni da yawa kan masu sikila da allurar penta ta mayar da cinyoyinsu gyambo, naman ya taurare har gwiwa ta daina lanƙwasuwa. Ina ganin rabin laifin wannan yana wuyan tsarin da ya ƙi kashe masa zafi yadda ya dace tun a daren farko.

Yuganda ta nuna ana iyawa. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa, cibiyar kula da masu ciwon ajali, a Kampala a 1993, tana dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba, a sa masa launi don a bambance mai ƙarfi da marar ƙarfi. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, domin ƙauye ba shi da likita.

Irin wannan ruwan muka samo wa Gwaggo a rana ta uku, daga wani asibitin koyarwa mai nisan tafiyar awa biyu, bayan sa hannu a littattafai har uku. Ana auna shi da sirinji marar allura a zuba mata a baki duk bayan awa huɗu, tare da maganin sassauta ciki. Kwana biyun farko ta yi ta gyangyaɗi da tashin zuciya, sannan suka wuce. Ranar Juma'a ta ce a dama mata kunun tsamiya, ta yi taimama ta yi salla a zaune, ta kira jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Baffa ne ya karɓi aikin rubuta lokaci a wani ɗan littafi, kwalbar kuma tana cikin akwatinsa a kulle, makullin a aljihunsa, saboda samarin da ke shiga da fita a gidan. Ta yi mako bakwai a haka. Bayan sadakar uku ya miƙo mini ragowar kwalbar a cikin leda, ya ce, "Ɗana, mayar musu da wannan, akwai wani yana can yana jira."